Daga Littafin Akwatuna Zuwa Bakin Ɗan Takara: Yadda Muka Tafiyar da Kamfen ɗin Majalisar Jiha a Kano

Kujerar majalisar dokokin jiha ba ta da faɗin da ɗan takara zai ɓuya a bayan allunan titi. A Kano kujeru 40 ne a kan ƙananan hukumomi 44, don haka galibi ƙaramar hukuma guda ce a gabanka, a wasu wuraren biyu a haɗe. Jihar tana da mazaɓu 484 da rumfunan zaɓe 11,222. Idan aka raba, kowace ƙaramar hukuma za ta tashi da mazaɓu wajen 11 da akwatuna wajen 250, sai dai na cikin birni sun zarce haka nesa ba kusa ba. Abin da ke tafe shi ne yadda muka bi aikin a zaɓen 2023, ƙarƙashin Dokar Zaɓe ta 2022, daga kammala fid da gwani har zuwa daren tattara sakamako.

An gama zaɓukan fid da gwani a farkon Yunin 2022, amma INEC ba ta buɗe kamfen na gwamna da majalisar jiha ba sai 12 ga Oktoba. Watannin nan huɗu na tsakani na ɗinke ɓaraka ne. Duk wanda ya nemi tikiti ya rasa yana da deliget ɗinsa da matasansa da unguwar da ake jin maganarsa, kuma idan ba a je gidansa ba kafin abokin hamayya ya je, shi ne zai zauna a cikin jam'iyya yana yin antifati. Ɗan takara da kansa yake zuwa, da daddare, ba kyamara, tare da dattijo ɗaya da mutumin yake jin nauyinsa. Ba a aika ɗan saƙo. A ba shi muƙami mai aiki a kwamitin kamfen, a kuma sa mutanensa biyu ko uku cikin jerin ejan-ejan, domin nan ne yake gane an yarda da shi.

A wannan lokacin ne kuma muke buɗe littafin akwatuna. Babban littafi ne mai layi irin na 'yan kasuwa, da kwafinsa a kwamfuta, kowane akwati da shafinsa: lambarsa, wurin da yake (ƙofar gidan mai unguwa, firamare, bakin kasuwa), yawan masu rajista, ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen baya, nawa muka samu, nawa suka samu, da sunan mutum uku da ake saurara a wurin. A 2023 wannan aiki ya ba da wahala, saboda a 2021 INEC ta ƙara rumfuna, na Kano suka tashi daga 8,074 zuwa 11,222. Sakamakon 2019 bai hau kan sababbin akwatunan ba, kuma wasu daga cikinsu masu rajistarsu ba su taka kara sun karya ba, alhali tsohon akwatin da aka ciro su daga jikinsa yana nan cunkushe. Sai da muka ɗauki rajistar da hukumar ta ba jam'iyyu a watan Janairu muka bi ta shafi-shafi.

Daga littafin ake fitar da lissafi. A ce masu rajista 120,000 ne, kuma zaɓukan baya sun nuna kusan kashi 35 cikin 100 ke fitowa: ƙuri'a 42,000 ke nan. Idan jam'iyyu biyu ne masu ƙarfi, abin nema shi ne 22,000. A raba a kan akwatuna 250, kowane akwati 88. Ba kowane ne zai ba da 88 ba, sai a kasa su uku: namu, nasu, da na tsakiya. A namu aikin shi ne fito da mutane. A nasu a rage tazara, ko da daga 20 zuwa 45 ne. Na tsakiya su ke cin fiye da rabin lokacin ɗan takara. Abin da ke ɓata wannan tsari kullum shi ne ɗan takara ya fi son zuwa inda ake yi masa tafi, kuma masu kewaye da shi sun fi son kai shi can don a ga aikinsu.

Kowane akwati muna neman mutum goma, aƙalla huɗu mata, kowannensu ya kawo sunan mutum goma da ya tabbatar za su fito. Sunan baki ba ya shiga littafi. Sai an ga katin zaɓe da ido, an duba lambar rumfar da ke jikinsa, domin da yawa suna zaune a unguwa amma katinsu na wata mazaɓar ne, wasu kuma sun yi rajista ba su karɓi katin ba. An rufe karɓar kati ranar 5 ga Fabrairu, kuma a makonnin ƙarshe motar kamfen ta fi amfani wajen kai mutane ofishin INEC fiye da zagaya gari da lasifika.

A zaɓen 2023 doka ta ƙayyade wa ɗan takarar majalisar jiha naira miliyan 30 a matsayin iyakar abin da zai kashe. Ko nawa ne a hannu, muna ware kashi ɗaya cikin uku tun farko mu kulle, na ejan-ejan da mai da abinci da motocin ranar zaɓe ne, ba a taɓa shi ko uban gida ne ya ce a taɓa. Fosta da hula da riga su ne ramin da kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Canjin kuɗin da Babban Banki ya yi ya ƙara dagula lissafi: a Fabrairu da Maris tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo, tiransifa tana maƙalewa, masu POS suna cajin abin da suka ga dama. Mai, ruwan leda da hayar babura sai muka koma biya tun kafin lokaci a rubuta a takarda. Rabon taliya da atamfa da kuɗi a layin zaɓe kuwa laifi ne a doka, kuma ko a ma'aunin ɗan siyasa asara ce, don rabi yana maƙalewa a hannun masu rabon, wanda ya karɓa kuma ya karɓi na kowa.

Gangami sai a yi shi da tsari. A sanar da 'yan sanda a rubuce, a bincika ko abokan hamayya suna da taro a hanya ɗaya a ranar, a fara bayan la'asar a tashi kafin kiran magariba. Janareta biyu, makirfo biyu. Sashe na 92 na dokar 2022 ya hana kamfen a wuraren ibada da ofisoshin 'yan sanda da ofisoshin gwamnati, don haka ɗan takara ya yi sallarsa a masallacin gari ya fito, kada wani mai zaƙewa ya miƙa masa lasifikar liman. Ziyarar hakimi ko dagaci gaisuwa ce da neman albarka, ba a ɗaga tutar jam'iyya a fada. A wurin ta'aziyya ba a maganar ƙuri'a ko da wasa. 'Yan jagaliya kuma duk wanda ya ɗauko su don su cika masa ayari, su ne za su kori matan da yake nema daga layi. Cikar gangami ma ba ma'auni ba ne: rabin taron yara ne da ba su kai shekara 18 ba, da mutanen da aka kwaso a mota daga wata mazaɓar. Ƙuri'ar mata a cikin gida take, shugabar mata da tawagarta ke shiga gida-gida da bikin suna da na aure, su ne kuma ke dawo mana da labarin da ya fi na kowa gaskiya.

Jawabi daga wannan labarin yake fitowa. Kafin mu rubuta kalma ɗaya, mutum biyu suna kwana biyu a mazaɓar, suna zama a teburin mai shayi da majalisar dattawa da tashar 'yan adaidaita sahu, suna rubuta ƙorafi da kalmomin masu shi. A shafin kowace mazaɓa akwai abu ɗaya da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya: kwalbatin da ruwa ya cinye, asibitin sha-ka-tafi da ba ungozoma da daddare, taransifoma da ta ƙone tun bara, takin da ba ya zuwa sai an yi huɗa. Jawabin wannan mazaɓa a kan wannan abu ɗaya zai tsaya. Mazaɓu 11, jawabi 11, ƙashin bayansu ɗaya ne amma naman daban.

Sai kuma bakin mai maganar. Muna zaunar da ɗan takara a yi hira ta minti 20 ana naɗa a waya, a tambaye shi yarintarsa da sana'arsa da abin da ke ba shi haushi a garin. Daga nan ake gane tsawon numfashinsa, kalmomin da yake yawan faɗa, da waɗanda harshensa ke tuntuɓe a kansu. Ɗan kasuwar da ya saba cewa "wallahi abin nan ba ya yiwuwa" idan ka sa masa "wajibi ne mu samar da ingantaccen tsarin ci-gaba mai ɗorewa", kowa a filin zai ji ba muryarsa ba ce. Babban kuskuren masu rubutu shi ne su tsara da Turanci sannan su juya. Irin wannan jawabi ana gane shi tun daga jimla ta biyu: kalmomi masu nauyi, jimla mai tsawon igiya, ba inda za a tsaya a yi kabbara ko tafi. Da Hausa ake fara shi, kuma a tsaye ake gwada shi da babbar murya. Duk jimlar da ba ta fita da numfashi ɗaya a raba ta biyu.

Minti biyar ya isa a gangamin mazaɓa, bakwai idan ya yi yawa. A gwajin da muke yi da agogo, mai magana a fili da tsayawar tafi yana cin kalma wajen 100 a minti, don haka rubutun bai wuce kalma 500 ba. Minti ɗaya na farko na sallama da gaisuwa ne, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Jerin yana da tsari: malamai, dattawan gari, shugabannin jam'iyya daga na ƙaramar hukuma zuwa na mazaɓa, iyaye mata, matasa. A tabbatar da kowace sarauta da kowane laƙabi daga bakin ɗan garin. Ka kira Wakili da Madaki, ko ka ambaci ciyaman na mazaɓa ka tsallake wanda ya janye wa ɗan takara, to ka ɗauko sulhun mako biyu. Idan sunayen sun haura bakwai, a bar wa sanƙira ya jero su tun kafin ɗan takara ya karɓi makirfo, shi kuma ya ce "duk waɗanda aka ambata, ina gaishe ku da girmamawa."

Ga yadda tsakiyar irin wannan jawabi take kasancewa:

"Iyayena mata, ban zo in gaya muku halin da asibitin nan yake ciki ba, ku ne za ku gaya mini. Ƙarfe huɗu na yamma an sa kwaɗo. Mace ta fara naƙuda da tsakar dare, sai a nemo babur, sai a kama hanyar birni, ga ramin nan na bakin kwalbati. Ni ɗan majalisa nake nema, ba gwamna ba. Ba ni ke riƙe da baitulmali ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Amma kasafin kuɗin jihar nan ba ya zama doka sai ya bi ta zauren da nake roƙon ku tura ni. Zan miƙe in kira sunan garin nan, in nemi a sa ungozoma biyu da wutar sola a asibitin nan. Duk wata shida zan dawo wannan filin in gaya muku inda maganar ta kwana. In ban dawo ba, kun san ƙofar gidanmu."

Dalilin wannan salo shi ne aikin ɗan majalisa yin doka ne da amincewa da kasafi da sa ido a kan ma'aikatu, sai ɗan abin da ya samu na ayyukan mazaɓa. Wanda ya yi alkawarin titi mai kilomita 20 ya ɗauki bashin da ba shi da hanyar biya, kuma yanzu kowane alkawari yana cikin wayar wani. Muna ajiye littafi na biyu na alkawura, da rana da wuri, don kada a yi wa ƙauyuka biyu alkawarin rijiyar burtsatse ɗaya. Ɗan takara idan taro ya ɗauke shi yakan ƙara daga aljihunsa, sai mai littafin ya rubuta, da daddare a nuna masa: "Ranka ya daɗe, yau ka ƙara aji biyu da ba mu yi lissafinsu ba."

Ba ma barinsa ya hau mumbari da takarda mai shafi uku. Karanta jawabi a gangami yana kashe shi, iska ma ba za ta bar takardar ba. Kati ne mai girman tafin hannu, a aljihun gaba na babbar riga, da manyan haruffa: sunaye biyar na gaisuwa, kalma ɗaya ta matsalar garin, adadi ɗaya, alkawari ɗaya, alamar jam'iyya. Cikakken rubutun a mota yake karanta shi sau biyu, sannan ya faɗa mana da ka. Karin magana ɗaya ya wadatar, kuma a tabbatar ba ta da wata fassarar da za a juya. Aya ko hadisi ba ma sa wa sai malami ya duba lafazin, kuma mun fi son barinsu ga mai buɗe taro da addu'a, domin kuskuren wasali ɗaya ya isa a yi mako ana yawo da shi, ga kuma dokar da ta haramta kamfen da sunan addini ko ƙabila.

Habaici gishirin siyasar Kano ne, ba mai raba ta da shi. Iyakar da muke sa wa ita ce a taɓa aikin mutum a bar iyayensa da iyalinsa da lafiyarsa, kuma kada a jingina masa laifin da ba takarda a kai. Kafin a amince da kowace jimla muna tambaya: idan aka yanko daƙiƙa 15 ɗin nan kaɗai aka sa a TikTok ko Facebook, me za ta zama? Rediyo kuma rubutunsa daban. Mai sauraro yana tuƙi ko yana cin tuwo, don haka tallan bai wuce minti ɗaya ba, sunan ɗan takara sau uku, alama sau biyu. Sojojin baka masu shiga shirye-shiryen siyasa na dare, irin su Kowane Gauta na gidan rediyon Freedom, muna ba su maki uku kacal a mako a rubuce. Wanda aka sake shi ba linzami zai jawo faɗa da wanda ake shirin sulhu da shi gobe.

Ƙarshen kowane jawabi darasin dangwala ne. Takardar ƙuri'a ba ta ɗauke da sunan ɗan takara ko hotonsa, alamar jam'iyya ce da gajeren sunanta. Ranar zaɓen jiha takarda biyu ake bayarwa, ta gwamna da ta majalisa. Idan ɗan takarar gwamnanku yana da farin jini a yankin, kiran "sak" ne, wato a dangwala wa jam'iyya ɗaya a takardun biyu. Idan ba shi da shi, aikin ya koma na wake da shinkafa, wato gwamna a wata jam'iyya, ɗan majalisa a tamu, kuma wannan ba a faɗarsa a lasifika, mutanen akwati ne ke koyar da shi a zaure. Tawagar mata tana yawo da samfurin takarda da tawada, ana nuna yatsa ɗaya a cikin gida ɗaya, da yadda ake naɗe takardar a tsaye don kada tawadar ta shafi wata alamar ƙuri'ar ta lalace.

An tsara zaɓen ranar 11 ga Maris, sai INEC ta ɗage shi zuwa 18 ga wata don sake saita na'urorin tantance masu zaɓe na BVAS bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka kuma bar kamfen a buɗe har tsakar daren Alhamis 16 ga wata. Mako guda na ƙari ya kama da yawa aljihu wayam. Wanda bai taɓa kason da ya kulle ba shi ya kai ƙarshe da ejan-ejansa cikakku.

Ejan shi ne ɗan takara a akwati. Sunansa da hotonsa sun shiga shafin INEC makonni da dama kafin zaɓe, kuma wanda ba shi da katin wuya na hukumar ba shi da bakin magana a rumfa. Mun fi son ɗan unguwar da a nan yake zaɓe, mai karatu da rubutu, wanda babu mai binsa bashin alheri a ɓangaren hamayya. A jakarsa akwai biro biyu, tocila, waya mai caji da fawabank, katin kira na layi biyu, ruwa da abinci, don ejan da ya tafi cin abinci ƙarfe uku ya bar akwati a lokacin da aka fi bukatarsa. Ya isa kafin 8:30 na safe, ya ga an nuna akwatin ba komai a ciki, ya ga BVAS tana kan sifili. Ba a neman ƙuri'a a cikin tazarar mita 300 daga rumfa. Duk wanda ke kan layi ƙarfe 2:30 na rana sai ya yi zaɓe.

Abu biyu muke nanata masa har ya gaji. Na farko, ya duba cewa jami'in rumfa yana buga hatimi da sa hannu da kwanan wata a bayan kowace takarda. A shari'ar gwamnan Kano, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare ƙuri'a 165,663 daga na Abba Kabir Yusuf a Satumban 2023 a kan wannan batu, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da su. Kujerar majalisa ƙuri'a ɗari biyu ma tana iya juya ta. Na biyu, ya kwatanta adadin da BVAS ta tantance da adadin ƙuri'un da aka ƙirga. Idan ƙuri'u suka haura waɗanda aka tantance, sashe na 51 na dokar 2022 ya ce a soke akwatin, don haka mai cusa ƙuri'a a akwatin da muke da rinjaye ɓarna yake mana ko da rigarmu ce a jikinsa. Soke-soken nan ne ke haifar da inkwankulusib, wato zaɓen da bai kammala ba, idan tazara ba ta kai yawan masu katin akwatunan da aka soke ba, kamar yadda Kano ta gani a 2019.

Bayan ƙirga a bainar jama'a, ejan ya karanta fom ɗin sakamako na rumfa, wato EC8A, ya ga alƙaluma da kalmomi sun dace, ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hotonsa da hasken tocila, ya tsaya har a ɗora shi a IReV, shafin sakamako na INEC, idan da sabis. Daga nan sai rakiya. "A kasa, a tsare, a raka" da ake faɗa, rakiyar ce ta fi wuya, domin dare ya yi, kowa ya gaji. A cibiyar tattarawa ta kowace mazaɓa muna ajiye mutum biyu masu natsuwa da kalkuleta da fitila mai caji, a ta ƙaramar hukuma kuma lauya. A ofishin kamfen mutum huɗu ne da wayoyi, suna cika shafin ƙarshe na littafin akwatuna, jimillarmu tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta baturen zaɓe. Inda aka samu saɓani, a wurin ake ɗaga kwafin a nemi gyara kafin a rufe fom ɗin mazaɓa.

Kuɗin ejan kashi biyu muke yi, rabi da safe, rabi idan ya miƙo kwafin fom ɗinsa hannu da hannu. Washegari ana jera su a fayil mazaɓa-mazaɓa bisa lambar akwati, a yi musu hoto na biyu, a ajiye asalin a wurin lauya. Ko mu aka ba nasara ko su, kwana 21 ne kacal daga ranar sanar da sakamako zuwa rufe ƙofar shigar da ƙara, kuma kwana uku na farko yawanci a neman fom ɗin akwatuna biyar ko shida da ejan-ejansu suka kashe waya suke ƙarewa.